William Hackett, mahaƙin kwal da ya ƙi fitowa daga rami

Jama'a, duk lokacin da ake maganar Yaƙin Duniya na Ɗaya, janar-janar ake lissafawa. Ni yau wani lebura nake so mu tuna, William Hackett, haifaffen Nottingham a Ingila, wanda ya shekara 23 yana haƙar kwal kafin ya sa kaki.

Sau uku hukumar soja ta mayar da shi gida, wai ya tsufa. Amma a 1915, da aka rasa masu iya haƙa rami su dasa nakiya a ƙarƙashin Jamusawa, sai aka karɓe shi yana da shekara 42, ga kuma ciwon zuciya.

Ranar 22 ga Yuni 1916, a Givenchy da ke arewacin Faransa, Jamusawa suka tayar da tasu nakiyar, rami ya rufta da mutum biyar. Sai da aka yi awa 20 ana tono kafin a samu 'yar kafa. Hackett ya taimaki uku suka fita. Saura Thomas Collins, saurayi ɗan shekara 22, rauni ya hana shi motsi. Kafa na ƙara tsukewa, ana kiran Hackett ya fito, ya ce shi mahaƙi ne, sai ya fara kula da 'yan'uwansa. Ƙasa ta sake ruftawa. Aka kwana huɗu ana tono ba a kai gare su ba, har yau suna can.

An ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya, matarsa Alice ta karɓa daga hannun Sarki George na Biyar. Ya cancanta, wallahi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce soja ce ta koya masa wannan hali. Watanni takwas kacal ya yi a kaki. A ramin kwal ya koya, inda kowa ya san in ƙasa ta danne shi, abokin aikinsa ne zai tono shi da hannu.

Abin da ya fi ci mini rai: a farkon wannan shekara ta 1916, ɗansa Arthur mai shekara 14 ya rasa ƙafa a mahaƙar kwal. Uba na haƙa wa sarki rami a Faransa, ɗa na aikin kwal a gida don a ci abinci. Wannan gidan me bai bayar ba? Kuma sai 2010 aka kafa wa mahaƙan dutsen tunawa a Givenchy, bayan shekara 94.