Girgizar Aman Wutar Rana Ba Ta Tsayawa a Duniyarmu

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan rana ta yi aman wuta, girgizar da ke biyo baya tana ratsa sararin da babu komai a cikinsa, kuma tana mutuwa da zarar ta wuce duniyarmu. Ba haka ba ne. Hasken fashewar yana iso mana cikin minti 8, amma girgizar, tarin gas mai caji da rana ta tofar ne ke tura ta cikin iskar rana, wato ƙwayoyi masu caji da ke kwarara daga rana a kowane lokaci, tana rage gudu, tana haɗewa da waɗanda suka riga ta. Wadda ta tashi a Maris na 2012, sai a Afrilun 2013 kumbon binciken sararin samaniya Voyager 1 ya ji ta, alhali ya riga ya wuce iyakar iskar ranar.