Mustang ɗina da shinkafar uwargida

Duk wanda ya sayi motar Mustang a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada cikin watan Yuni, farin cikin wata biyar ya saya. Tawa ja ce wur, mai injin V8, in na taka totur sai maƙwabta sun leƙo ta taga. Da Nuwamba ta kama, wani Badamagare da muke Juma'a tare ya ja ni gefe. "Alhaji, irin wannan ba a fita da ita a hunturu. Ajiye ta ake yi sai Afrilu." Na ce masa ban zuba kuɗina don in riƙa kallon hotonta a waya ba.

A lardin Kebek, inda Montiriyal take, doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris sai mota ta sa tayoyin hunturu, masu tambarin tsauni da ƙanƙara. Da dalili kuwa, don in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, robar tayar bazara ƙandarewa take yi kamar gandar da ba ta ji wuta ba. Na sayi huɗu, aljihuna ya shaida. Amma taya ba ta canza halitta. Mustang ƙafafun baya ne ke tura ta, nauyin inji kuma yana gaba. Dusar ƙanƙara na sauka, na zo wani ɗan hawa, na ba ta wuta, sai bayan motar ya ce shi ma yana son ganin gaba. Wata tsohuwa a tsohuwar Corolla ta wuce ni a hankali, har da ɗaga min hannu.

Maƙwabcina Bature ya ce in sayi buhunan yashi in sa a but, nauyin zai danne tayoyin baya. In sayi yashi da kuɗi? Ni da na tashi a Daura, inda yashi ke shigo maka ɗaki ba sallama? Na wuce kantin 'yan Indiya na lodo manyan buhunan shinkafa. Nauyi dai nauyi ne, kuma wannan in hunturu ya wuce a ci.

Dabara ta yi aiki. Duk Disamba motar ta natsu, har na fara ba Badamagaren nan shawara. Amma Janairu na yin nisa sai rawar ta dawo, kullum tana ƙaruwa. Na kai wa bakanike, na ce tayoyin jabu ne. Ya duba ya ce lafiyarsu lau, sannan ya buɗe but. Rabin buhu kaɗai ya rage, bakinsa a ɗaure da kyau da igiya.

"Uwargida, ina shinkafar mota?"

"Maigida, mota na cin shinkafa ne? To da me kake zaton ake maka dafa-duka? Ga sunan da aka yi a gidan ƙawata, ai kai ma ka ci har da ƙari."

Da bazara ta zo, bakaniken ya ɗaga motar ya nuna min inda gishirin da ake watsawa a titi ya fara cin ƙarfen ƙasanta. Shi ke nan, hunturu na biyu na kai ta ajiya rumbun wani manomi a wajen gari. Na wanke ta har ƙasa, na cika tanki, na zuba maganin da ke hana fetur lalacewa, na ƙara wa tayoyi iska, na cire batir na kawo gida, na lulluɓe ta. Ni kuma na koma bin bas, ina jiransa a sanyin da ke daskarar da gashin hanci.

Afrilu na je ɗauko ta da farar shaddata. Na mayar da batir, na murza makulli, shiru. Ɓeraye ne suka yi hunturunsu a ciki, da iyalansu: sun yi sheƙa a matatar iska, sun gaigaye wayoyi, sun yage soson kujera. Manomin ya rantse motoci da yawa ne a rumbun, babu wadda suka taɓa sai tawa. Ya ɗago wani yagaggen buhu daga but yana tambayar ko nawa ne.

Na kira gida. Uwargida ta ce ita dai tun ranar da na yi faɗa ba ta ƙara taɓa shinkafar mota ba.