Burrow ya sake kwanciya: Wa zai jefa wa masu dala miliyan 276 ƙwallo?

Ranar Lahadi 14 ga Satumban 2025, tun ba a tafi hutun rabin lokaci ba a wasan Cincinnati Bengals da Jacksonville Jaguars, 'yan kutsen Jaguars suka danne Joe Burrow, kwatabak (mai jefa ƙwallo) na Bengals, a ƙasa, ya ji rauni a babban yatsan ƙafarsa ta hagu. Sai tiyata, aka kuma ce aƙalla wata uku zai yi yana kallo daga bakin fili. Wasa na biyu ke nan kacal a kakar 2025.

Rauni a ƙwallon Amurka ba baƙon abu ba ne, wasa ne na gwabzawa. Abin haushin shi ne yadda aka yi ta kiran wannan da sunan tsautsayi, kamar daga sama ya faɗo. Mutumin da ya tsinke jijiyoyin gwiwa a watan Nuwamba na 2020 yana sabon shiga, aka kayar da shi sau 70 a kakar 2021 idan an haɗa da wasannin sili-ɗaya-ƙwale, wuyan hannunsa ya samu matsala a 2023 har ya bar kakar ba a gama ba, yanzu kuma yatsa, ai ya wuce a yi masa jaje kawai. Sai a waiwayi waɗanda ke tsara ƙungiyar a tambaye su ina suka zuba kuɗi.

Amsar tana cikin watan Maris na 2025. A lokacin ne Bengals ta bai wa Ja'Marr Chase kwantiragin dala miliyan 161 na shekara huɗu, ta kuma bai wa Tee Higgins na dala miliyan 115 shi ma na shekara huɗu. Masu cafke ƙwallo biyu, dala miliyan 276. Burrow kansa yana kan kwantiragin miliyan 275 na shekara biyar tun 2023. Idan aka raba kowanne da shekarunsa aka tara, mutum uku na cin kimanin miliyan 124 a shekara, alhali iyakar albashin da hukumar gasar, NFL, ta gindaya wa kowace ƙungiya a 2025 miliyan 279.2 ne, kuma 'yan wasa 53 za a ciyar da shi. Akantoci sun iya jan biya zuwa shekarun gaba, amma bashi dai sai an biya shi. Ragowar mutum 50 su yi ta raba abin da ya saura, ciki har da biyar ɗin da ke tsaya wa Burrow katanga da huɗun da ya kamata su kutsa su cimma kwatabak ɗin abokan hamayya.

Aka yi ta tafi. Ni ban ga abin tafi ba. Wannan ƙungiya ta riga ta gwada tsarin a 2024, kuma sakamakon yana rubuce. Burrow ya fi kowa jifa a gasar, yadi 4,918 da tacdawun (kai ƙwallo ƙarshen fili don cin maki) 43. Chase ya fi kowa yawan cafka, ya fi kowa yadi, ya fi kowa tacdawun. A ƙarshe an ci wasa 9, an faɗi 8, ba a ko leƙa zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba. Sau huɗu Bengals ta zuba maki sama da 30 aka kuma doke ta: Washington ta yi mata 38-33, Ravens ta yi mata 41-38 da 35-34, Steelers ta yi mata 44-38. Ɗan kutsenta Trey Hendrickson shi kaɗai ya kayar da kwatabak sau 17.5, kusan rabin abin da duk tsaron ƙungiyar ya yi. Ladansa kuwa sai da aka shafe bazara ana ja-in-ja da shi, kafin a ƙara masa albashin shekara ɗaya a ƙarshen Agustan 2025, ba tare da an tsawaita masa kwantiragi ba. Masu cafka an sallame su cikin murmushi, mai kutse sai da ya ƙaurace wa atisaye.

Lissafin wasan nan ba shi da wuya. Kwatabak na buƙatar daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku kafin mai cafka ya kuɓuce wa mai gadinsa. 'Yan katanga biyar ne ke sayo masa wannan lokaci. Idan ba za su iya ba, dole koci ya tsayar da mutum na shida ko na bakwai su taya su tarewa, wato an rage waɗanda za a jefa wa. A ɗaya ɓangaren ma haka yake. Ƙungiyar da 'yan kutsenta huɗu ke iya isa ga kwatabak ba tare da agaji ba, tana da mutum bakwai a baya suna toshe hanyoyi. Wadda huɗunta ba su isa ba, sai ta ƙaro na biyar da na shida, ta bar baya a buɗe. Duk wata dabarar koci daga nan take farawa. Mai cafka na miliyan 40 a shekara ba ya da amfani idan mai jefa masa yana kwance a ƙasa.

Kuma babu ƙungiyar da ya kamata ta fi Bengals sanin wannan. A Super Bowl, wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, na Fabrairun 2022, Rams na gaba da 23-20, saura ƙasa da minti ɗaya, Bengals na neman yadi ɗaya tak a yunƙurinta na huɗu. Duk wanda ya sake kallon bidiyon ya ga Chase ya wuce mai gadinsa Jalen Ramsey, Ramsey ma ya faɗi. Amma ɗan kutsen Rams Aaron Donald ya riga ya riƙe ƙugun Burrow yana juya shi. Sau bakwai aka kayar da Burrow a daren. Wanda ke tsaron gefen hagu a katangar Rams kuwa Andrew Whitworth ne, yana da shekara 40, mutumin da Bengals ta bari ya tafi a 2017 bayan ya yi mata shekara 11. A shekarar ce kuma ta saki Kevin Zeitler. Ƙungiyar da gwarzonta na tarihi ɗan katanga ne, Anthony Muñoz, wanda da shi ta je Super Bowl ɗinta biyu na farko a kakar 1981 da ta 1988, ita ce yau ake tuna wa darajar katanga.

Masu kare shugabannin ƙungiyar za su ce ai an yi ƙoƙari, an sayo Orlando Brown a 2023 kan miliyan 64, an ɗauki Amarius Mims a zagayen farko na 2024. Ƙoƙarin da ya haifar da Cedric Ogbuehi da Billy Price da Jackson Carman, 'yan katangar da aka ɗauka ba su taɓuka abin kirki ba, sannan aka koma cike gurbi da waɗanda wasu suka saki, ba abin alfahari ba ne. La'el Collins kaka ɗaya ya yi, Alex Cappa an sallame shi a watan Maris ɗin nan da ake rabon miliyoyi.

Tsohuwar muhawarar 2021 ma ta dawo: Chase ko ɗan katanga Penei Sewell? Bengals ta ɗauki Chase a lamba 5, Detroit ta ɗauki Sewell a lamba 7. Ba na musun cewa Chase gwani ne, zai yiwu ma babu kamarsa a yau. Amma a dubi hanyar da Detroit ta bi. Ta haɗa Sewell da Taylor Decker da Frank Ragnow, ta ɗauki Aidan Hutchinson a lamba 2 a 2022, da kwatabak ɗin da Rams ta gaji da shi, Jared Goff. Daga nasara 3 a 2021 ta koma 9, sai 12, sai 15 a 2024. A tsakani ta ci wasan sili-ɗaya-ƙwale karon farko cikin shekara 32. Goff bai kai Burrow ba, kowa ya sani. Bambancin shi ne Goff yana gama wasa rigarsa ba ta yi datti sosai ba.

Wanda bai gamsu ba ya koma daren Super Bowl na 9 ga Fabrairun 2025 a New Orleans. Philadelphia Eagles ta lallasa Kansas City Chiefs da ci 40-22, kuma alƙaluman ma sun rufa wa Chiefs asiri, domin an kai 34-0 kafin ta ce uffan. Sau shida aka kayar da kwatabak ɗin Chiefs, Patrick Mahomes. Kocin tsaron Eagles, Vic Fangio, bai ƙaro ɗan farmaki na biyar ba ko sau ɗaya a duk wasan. Huɗu suka wadatar, bakwai na baya suna jiran kuskure, kuskuren kuma ya zo. Wannan Mahomes ne fa, wanda ake cewa shi kaɗai ya isa gayya. An taɓa yi masa irin haka a Fabrairun 2021, lokacin da ya shiga Super Bowl babu 'yan katangarsa Eric Fisher da Mitchell Schwartz, Tampa Bay ta yi masa 31-9, bai ga tacdawun ko ɗaya ba.

Abin da Chiefs ta yi bayan wancan kashi shi ne darasin da Cincinnati ta ƙi karantawa. Cikin 'yan watanni ta sayo Joe Thuney kan miliyan 80, ta karɓo Orlando Brown, ta ɗauki Creed Humphrey da Trey Smith daga jami'a. Shekara ta zagayo ta sayar wa Miami da Tyreek Hill, mai cafkan da ya fi kowa gudu, maimakon ta biya shi abin da yake nema. Aka ce ta kashe kanta. Sai ta ɗauki kofi biyu a jere. A na farkon, Eagles da ta kayar da kwatabak sau 70 a kakar ba ta samu kayar da Mahomes ko sau ɗaya ba. Da gefen hagu na katangar ya sake ruɓewa a 2024, har aka janyo Thuney daga gurbinsa ya toshe, sai ga abin da ya faru a New Orleans. Kwatabak ɗaya ne, koci ɗaya ne, Andy Reid. Katangar ce ke sauyawa, sakamakon na bin ta.

Za a ce ai Eagles ma ta biya masu cafkarta A.J. Brown da DeVonta Smith maƙudan kuɗi. Haka ne, bayan ta gama ginin. Lane Johnson yana nan tun 2013. Jordan Mailata ɗan zari-ruga ne daga Ostireliya da bai taɓa buga wannan wasa ba, aka ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2018, kocin katanga Jeff Stoutland ya zauna ya koya masa daga baƙi har wasali. Cam Jurgens an ɗauke shi a 2022, shekara biyu kafin Jason Kelce ya yi ritaya, don kada gurbin ya kwana babu kowa. A ɓangaren kutse, babban manajan ƙungiyar Howie Roseman ya kwaso Jordan Davis a 2022, Jalen Carter da Nolan Smith a 2023, dukkansu a zagayen farko, dukkansu daga jami'ar Georgia. Shi ya sa da Milton Williams da Josh Sweat suka samu manyan kwantiragi a wasu wurare bayan kofi, aka yi musu fatan alheri ba tare da tashin hankali ba. Mai gudu da ƙwallo Saquon Barkley ma shaida ne. A 2023 yana Giants, bayan katangar da aka fasa aka kayar da kwatabak sau 85, yadi 962 ya yi. Da ya koma bayan katangar Eagles sai ya yi 2,005. Ƙafafunsa dai su ne na bara.

To me ya sa ake ta maimaita kuskuren? Saboda kyamara ƙwallo take bi. Ɗan katanga ba ya da alƙaluman da za a nuna a allo, ba ya kawo maki a wasan fantasi da miliyoyin Amurkawa ke yi, ba a yanko shi a sa a TikTok, lambarsa ba ta fitowa bakin alƙalin wasa sai ya yi laifi. Tun da ake ba da kyautar gwarzon ɗan wasan NFL ta kamfanin AP, ɗan katanga bai taɓa ci ba, 'yan tsaro kuwa biyu ne kawai, Alan Page a 1971 da Lawrence Taylor a 1986. Mai kallo yana da uzuri idan ido ya ruɗe shi. Wanda ake biya albashi don ya tsara ƙungiya ba shi da shi. A Super Bowl na 2008 ma an gani: New England ta zo da nasara 18 babu faɗuwa, Tom Brady da Randy Moss sun karya tarihi, sai 'yan kutsen Giants, Michael Strahan da Justin Tuck da Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya da yanzu yake zagaya Afirka yana nemo wa NFL matasa, suka hana su wuce maki 14. An shafe shekara da shekaru, har yanzu wasu ba su ji ba.

An kuma ce Burrow da kansa ne ya fito fili ya nemi a riƙe masa abokansa. Kowane kwatabak haka zai ce, kuma aikin mai ƙungiyar Mike Brown da mai kula da ɗaukar 'yan wasa Duke Tobin shi ne su kare shi ko da bai so ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Indianapolis ta bar kwatabak ɗinta Andrew Luck yana shan duka shekara da shekaru, har ƙodarsa ta tsage a 2015, ya rasa kakar 2017 gaba ɗaya saboda kafaɗa. Sai a 2018 aka ɗauko ɗan katanga Quenton Nelson a lamba 6, ihu bayan hari. A watan Agustan 2019 Luck ya ajiye wasa yana da shekara 29. Burrow ya cika 29 a watan Disamban 2025.

Gyaran ba ya buƙatar wani sihiri. A zaɓi ɗaya tsakanin masu cafkan nan biyu, kuma kowa ya san wanda za a zaɓa. Abin da aka samu daga sayar da ɗayan a zuba shi a tsakiyar katanga. Zagaye biyun farko na zaɓen sabbin 'yan wasa, shekara uku a jere, a ba wa manyan jiki, ko da 'yan kallo za su yi gunaguni. A ƙara masu farautar 'yan wasa a jami'o'i, domin an daɗe ana yi wa Bengals gorin ƙarancinsu. Idan kuwa iyalan Brown sun fi son sayar da riguna masu lamba 1 da lamba 5 na Chase da Higgins, to su daina ce mana kofi suke nema, su kuma tanadi kwatabak na biyu mai ƙarfin ƙashi, don Jake Browning, wanda ya maye gurbin Burrow a lokacin, shi ma jiki ne da shi.