Steve Clark: daga magajin garin Brockville zuwa rigimar filayen Greenbelt

'Yan uwa, yau labarin wani ɗan siyasar nan Kanada zan kawo muku, don ya daɗe yana ci mini rai. Sunansa Steve Clark. Da yawanku ba ku taɓa jin sa ba, amma mu mazauna lardin Ontario mun sha jin sunan har ya zauna mana a ka, musamman a shekarar 2023.

Bari in fara da garinsu. Wanda ya taɓa bin babbar hanyar 401 daga Toronto zuwa Montreal ya wuce ta gefen Brockville, ko da bai lura ba. Ƙaramin gari ne a bakin kogin St. Lawrence, mutanensa ba su wuce dubu 22 da 'yan kai ba. Na taɓa yada zango a can da rani. Na ajiye mota kusa da titin King, na gangara bakin ruwa, ina tsaye ina hango gidajen Amurka a ɗaya tsallaken, don kogin ne iyakar ƙasashen biyu. Akwai wani tsohon ramin jirgin ƙasa da aka gama haƙawa a 1860, shi ne na farko a duk Kanada, ya bi ta ƙarƙashin ginin hukumar garin. Yanzu da ƙafa ake shiga. Sanyi ya doke ni tun daga bakinsa, ruwa na ɗiga daga duwatsun sama yana sauka a wuyan rigata. Da na fito sai na ɗaga kai na kalli ginin, na ce wato a nan ne saurayi ɗan shekara 22 ya zauna a kujerar magajin gari.

Haka aka yi. A 1982 mutanen Brockville suka zaɓi Clark yana da shekara 22, a lokacin babu magajin gari mai ƙarancin shekaru kamarsa a faɗin ƙasar. Kuma ba su yi da-na-sani ba, don sau uku suna zaɓensa, ya riƙe garin har 1991. A cikin waɗannan shekarun har ya shugabanci ƙungiyar ƙananan hukumomin Ontario baki ɗaya.

Ina so ku fahimci mene ne aikin magajin ƙaramin gari a nan, domin a kansa duk maganata ta rataya. Ba shi da jiniya, ba shi da 'yan rakiya. Aikinsa bututun ruwa ne da ya fashe cikin dare, da kwashe ƙanƙara daga tituna kafin mutane su fita aiki, da shara, da harajin gidaje, da ramukan da sanyi ke haƙawa a kwalta duk shekara. In ya ƙara haraji, gobe zai haɗu da wadda ƙarin ya shafa a layin biyan kuɗi a kanti, ta tare shi ta faɗa masa abin da ke ranta, kuma ta san mahaifiyarsa. Ba ya iya cewa bai sani ba. Garin ya yi ƙanƙantar da zai ɓuya a cikinsa. Ni a ganina babu makarantar mulki da ta kai wannan, kuma Clark ya yi shekara tara a cikinta tun gashin bakinsa bai gama fitowa ba.

Bayan ya sauka sai ya koma rayuwa irin ta kowa. Ya yi aikin nemo tallace-tallace a jaridar garin, ya riƙe babban jami'in gudanarwa a wata ƙaramar hukuma da ke maƙwabtaka, ya kuma yi wa ɗan majalisar yankin, Bob Runciman, hidima a ofis. Da aka naɗa Runciman sanata a farkon 2010, Clark ya tsaya zaɓen cike gurbi a watan Maris a ƙarƙashin jam'iyyar PC ta masu ra'ayin riƙau, ya ci. Ya shiga majalisar dokokin lardi da ke Queen's Park a Toronto, ya yi shekara takwas a ɓangaren adawa.

A Yunin 2018 jam'iyyarsu ta kafa gwamnati, Doug Ford ya zama firimiya, wato shugaban gwamnatin lardin, aka ba Clark ma'aikatar ƙananan hukumomi da gidaje. Wa ya fi shi cancanta? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ontario na da ƙananan hukumomi 444, ga mutumin da ya san ciwonsu daga ciki an ɗora shi a kansu.

Amma tun a makonnin farko aka fara ganin wani abu daban. Ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen birnin Toronto, 'yan takara sun riga sun yi rajista sun buga fastoci, sai gwamnati ta kawo dokar da ta zabge mazaɓun kansiloli daga 47 zuwa 25. Clark ne ministan da ya gabatar da ita. An je har Kotun Ƙoli, a 2021 alƙalai biyar suka ce lardi na da wannan ikon, huɗu suka ce a'a. Shari'a ta ba su gaskiya. Ni dai har yau ina tambayar kaina, da a 1985 wani minista ya aiko daga Toronto ya sauya wa Brockville mazaɓu ana saura 'yan makonni a kaɗa ƙuri'a, me saurayin magajin garin nan zai ce?

A 2022 kuma aka kawo dokar gaggauta gina gidaje, wadda ta rage kuɗin da magina ke biyan ƙananan hukumomi don shimfiɗa hanya da bututu a sababbin unguwanni. Ƙungiyar da shi kansa ya taɓa shugabanta ta fito ta yi kukan cewa giɓin zai koma kan masu biyan harajin gida.

A nan dole in yi masa adalci. Matsalar gida a Ontario ba ƙarya ba ce, ni ganau ne. Na taɓa zuwa duba wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a wajen Toronto, tagarsa guda ɗaya ce, ba ta fi faɗin faranti biyu ba, ta nan kake hango tayoyin motar mai gida. Mu shida muka taru a kan matakala, kowa riƙe da takardar shaidar albashinsa, har da wata mata mai goyo da ta zo da mijinta daga aikin dare bai ko runtsa ba. Kuɗin hayar ya kusa cinye rabin abin da nake samu a wata, kuma duk da haka ban samu ba. Saboda haka da gwamnati ta ce za ta gina gidaje miliyan 1.5 kafin 2031, wallahi na yi murna. Ba na cikin masu cewa kada a gina komai.

Sai maganar Greenbelt.

Greenbelt wata ɗamarar gonaki ce da dazuzzuka da fadamu da ta zagaye yankin Toronto, kusan eka miliyan 2, wadda aka killace da doka a 2005 don kada gine-gine su cinye ta. A cikinta ne fadamar Holland Marsh take, mai baƙar ƙasa, inda ake noma karas da albasar da muke saya a kantuna. Tun 2018 Ford ya yi alkawari a bainar jama'a cewa ba zai taɓa ta ba. Kwamitin da gwamnatin da kanta ta kafa kan tsadar gidaje ya ce a farkon 2022 ƙarancin fili ba shi ne tushen matsalar ba. Amma a Nuwambar wannan shekarar sai Clark ya sanar cewa za a cire eka 7,400 a wurare 15 don gina gidaje 50,000, a kuma ƙara eka 9,400 a wasu wuraren.

Ku lura da abu ɗaya. Gonar da doka ta hana a yi gini a kanta araha take. Ranar da aka ɗage hanin, kuɗinta sai ya ninka ya sake ninkawa. Don haka tambayar da kowa ya yi ita ce, wa ya zaɓi waɗannan filayen, kuma na wa ne?

Amsar ta zo ranar 9 ga Agustan 2023, daga babbar mai binciken kuɗin lardi, Bonnie Lysyk. Ta gano cewa a cikin wurare 15 ɗin, 14 shugaban ma'aikatan ofishin Clark ne ya kawo su, ba ƙwararrun ma'aikatar ba. Wasu manyan magina sun miƙa masa takardun filayen da suke so a wajen wata liyafar cin abincin dare ta masu sana'ar gini a Satumbar 2022. Ta ƙiyasta cewa darajar filayen za ta ƙaru da sama da dalar Kanada biliyan 8. Ranar 30 ga watan kwamishinan ɗa'a na majalisa, J. David Wake, ya fitar da nasa rahoton, ya ce Clark ya karya dokar ɗa'ar 'yan majalisa. Laifin da ya kama shi da shi shi ne rashin sa ido: ya sakar wa yaron ofishinsa ragama, ya kau da kai, har aka fifita wasu 'yan tsiraru ta hanyar da ba ta dace ba.

Wasu abokaina a nan suna cewa ai wannan da sauƙi, tunda sakaci ne. Ni kuwa nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Da wani ɗan siyasa ne wanda bai taɓa riƙe ko unguwa ba, sai in ce rashin sani ne. Clark ya san abin da layi ɗaya a kan taswira yake yi wa darajar fili. Ya zauna tarukan da ake jayayya har dare a kan ko a bar mutum ya gina shago a gefen gidansa. Mutumin da ya yi shekara tara ana tsare shi a kan ramin titi guda, ta yaya za a zare eka dubu bakwai daga ƙarƙashin doka da sa hannunsa, bai zaunar da yaronsa ya ce "zo nan, waɗannan filayen daga ina ka samo su" ba? Rashin tambayar nan zaɓi ne. A Brockville jama'a ba za su bar shi ya yi wannan zaɓin ba, don kafin la'asar labari ya zaga gari. A Toronto akwai ofisoshi da mataimaka da takardu tsakaninsa da manomin garin Pickering, inda wasu daga filayen suke, da za a zuba wa kankare a gefen gona, sai ya samu inda zai fake.

Da farko ya nemi afuwa ya ce ba zai sauka ba. Kwana kaɗan bayan haka, ranar 4 ga Satumba, ya ajiye muƙamin minista. Ranar 21 ga watan Ford ya fito ya ba jama'a haƙuri, ya ce kuskure ne, za a mayar da filayen duka. A Oktoba rundunar 'yan sandan ƙasa ta RCMP ta buɗe bincike. Saukar da ya yi na yaba da ita, ba zan ɓoye ba, ko da ta zo a makare. Na kuma yaba da cewa akwai ofisoshi biyu da gwamnati ke biya albashi, amma suka rubuta abin da ya girgiza gwamnatin ba tare da tsoro ba.

Bai bar majalisa ba. A Yunin 2024 aka naɗa shi jagoran harkokin gwamnati a zauren majalisa, a Fabrairun 2025 kuma mutanen mazaɓarsa suka sake zaɓensa. Ban ga laifinsu ba. Su sun san shi sama da shekara arba'in, sun san wanda ya halarci jana'izar iyayensu da bikin buɗe filin wasan 'ya'yansu, ba za su auna shi da shekara ɗaya ba. Mu da muke can muna bin layin ɗakin haya, abin da muka gani shi ne kusan shekara guda ta tafi a kan rigimar filaye, alhali filayen da aka riga aka amince a yi gini a kansu suna nan zube.

In Allah ya sake kai ni Brockville na ci karo da shi a titin King, zan gaishe shi da girmamawa don ya girme ni, kuma ya yi wa garinsa aiki. Sannan in tambaye shi ranar da aka fara ajiye masa taswirar nan mai wurare 15 a kan tebur, me ya hana shi tambayar masu filayen.