Bayan "mace ce ko namiji?", wa ke duba zuciyar jaririn?

Daga Bukuru har Farar Gada, gidajen sikanin sun yi yawa a Jos, kuma mata masu juna biyu suna zuwa, wasu fiye da sau ɗaya kafin su sauka. Tambayar farko sananniya ce: "Likita, mace ce ko namiji?" Sai kwanciyar yaro, sai ranar haihuwa. Mai na'ura ya ce zuciya tana bugawa, a yi hamdala, a naɗe takarda a jaka. To amma bugawa daban, ginuwa daidai daban. Zuciyar da jijiyoyinta suka fito a juye ma tana bugawa ras a allon na'ura.

Zuciyar ɗan tayi takan fara bugawa wajen mako uku da shigar ciki, zuwa mako na takwas an gama ƙera ta, wato tun uwar ba ta fara awo ba. Kusan jariri ɗaya cikin ɗari ana haihuwarsa da tawaya a zuciya, kuma kusan kashi ɗaya bisa huɗu na waɗannan suna bukatar aiki a shekararsu ta farko. A ƙasar da ake haihuwar jarirai kimanin miliyan bakwai a shekara, sai mai karatu ya buga lissafin da kansa.

Ba labarin Turai ba ne. Likitocin yara na nan Jos sun wallafa wani bincike a 2021, inda suka duba jarirai 3,857, suka sami 111 da matsalar zuciya. Adadin ya zarce abin da aka saba ji, kodayake fiye da rabi ƙanana ne, irin ramukan da da yawansu kan toshe da kansu yayin da yaro ke girma. Abin da ya fi jan hankalina a aikin shi ne kayan da suka fara da su: abin sauraren ƙirji da ƴar na'urar auna iskar jini. Sai wanda aka yi wa zato ake kai wa hoton zuciya, wanda ma'aikatan asibiti ke kira eko.

Dalilin gaggawa yana cikin halittar jaririn. A cikin mahaifa akwai wata ƴar jijiya da ke haɗa manyan hanyoyin jini biyu, tunda huhu bai fara aiki ba. Bayan haihuwa takan rufe cikin kwanaki kaɗan. Ga lafiyayye wannan daidai ne. Ga wanda zuciyarsa ta zo da babbar tawaya kuwa, wannan jijiyar ce ke riƙe da ransa. Shi ya sa za a sallami mai jego da jariri jawur yana tsotso, kwana uku ko huɗu ya fara nishi, ya ƙi nono, jiki ya saki, ana tsaka da shirin suna. Akwai maganin da ake ɗurawa ta jijiya ya hana ta rufewa har a kai ga aiki, amma sai an san da matsalar tukuna.

Waɗanda suka tsallake wannan, alamunsu na nan a gabanmu, fassararmu ce ke kaucewa. Jariri ya kama nono ya saki, ya kama ya saki, gumi na tsattsafowa a goshinsa ko a sanyin Jos na watan Disamba. Ba ya ƙiba. Sai kaka ta ce nonon ne ba shi da kyau, a nemo jiƙe-jiƙe. Yaro ɗan shekara uku ya ɗan yi gudu ya tsuguna yana haki, a ce lalaci ne, alhali jikinsa ne ya gano cewa tsugunon na ƙara tura jini zuwa huhu. Littattafan likitanci suna cewa jariri kan koma shuɗi. A fatarmu ba a nan ake gani ba, sai an buɗe baki an duba harshe da dasashi.

Abin da nake ganin ya kamata gwamnatin Filato ta sa a gaba bai kai tsadar sabon gini ba. Duk mai ciki ta sami sikanin guda na tsanaki tsakanin mako na 18 da na 22, wanda za a duba ɗakunan zuciya huɗu da manyan jijiyoyin da ke fita daga cikinta, kuma a horar da masu riƙe da na'urar su san lokacin da za su tura mace gaba. Mai ciwon sukari, da wadda ta taɓa haihuwar yaro mai wannan lalura, su tafi eko kai tsaye. Sannan duk jariri a maƙala masa na'urar auna iska a hannun dama da ƙafa bayan ya cika awa 24. Amurka ta sa wannan gwaji cikin na jarirai tun 2011. Mu kuwa sai an kai shi har gida, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 59 cikin ɗari na haihuwa a gida ake yi.

A nan ma bincikenmu na gida ke da aiki. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, tsayi kuma kan ɗan rage iskar da na'urar ke nunawa. An kuma gano na'urar kan yi kure a baƙar fata, ta nuna iska ta wadata alhali ta yi ƙasa. Ma'aunin da aka tsara a wata ƙasa sai an gwada shi a kan ƴaƴanmu.

Na san abin da za a ce: mene ne amfanin gano ciwon da kuɗin aikinsa miliyoyi ne? Maganar tana da nauyi. Tun 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Enugu, amma har yau iyaye na bin rediyo da masallatai suna neman taimakon zuwa Indiya, ko su jira layin gidauniyoyi irin ta Nwankwo Kanu. Sai dai rashin sani ba ya rage kashe kuɗi, karkatar da shi yake yi zuwa kemis da allurar limoniya wata bayan wata. Ramin da za a iya rufewa yaro yana da wata shida, idan aka bar shi shekaru, jijiyoyin huhu kan lalace har aikin ya gagara ko an samu kuɗin.

Kuma ba kowane ciwon zuciyar yara ne ke bukatar wuƙa ba. Akwai wanda ke farawa da ciwon maƙogwaro da ba a magance ba, ya je ya cinye ƙofofin zuciya a hankali. A arewacin Yuganda an bi makarantu da na'urar eko, aka gano yaran da ciwon ya fara kamawa ba su sani ba, aka riƙa yi wa rabinsu allurar fenisilin duk mako huɗu. Bayan shekara biyu, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari ne nasu ya ci gaba, a ɗaya rukunin kuwa kashi 8. Na'urar eko ta yau akwai wadda ake haɗawa da wayar hannu, ma'aikaciyar jinya na iya ɗaukar ta zuwa firamaren Gangare ko Rikkos da safe, likita a asibitin koyarwa da ke Lamingo ya duba hotunan da yamma.