Me manhajar alƙibla take nema a lambobin surukaina?

Wai don Allah, me ya haɗa manhajar nuna alƙibla da lambobin wayar surukaina? Ina zaune a Misfala, hasumiyar agogon Makka tana tsaye a kaina, amma manhajar ta ƙi buɗewa sai na sallama mata kyamara, hotuna da sunan duk wanda na taɓa gaisawa da shi. Manhajar tocila ma tana son sanin unguwarmu, sai ka ce haske yana bin adireshi! Tun 2018 da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki, kowane shafin intanet sai ya tare ni da maɓallin amincewa ƙato, na ƙin yarda kuwa an binne shi can ƙasa. Gobe kuma lambar iƙamata, wato katin izinin zamana a Saudiyya, za a nema kafin a gaya mini ana zafi?