Kumburin ƙafa ɗaya ba na tausa ba ne

Tun jiya da na dawo daga dubiyar maƙwabcinmu a nan Garwa raina yake a ɓace, kuma duk wanda ya san abin da ya faru a gidan ya san dalili. Mutum ya shekara yana fama da ciwon ƙoda, aka wayi gari ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama girma, ga zafi ga ciwo a sha-raɓa, amma aka kwana uku ana yi masa tausa da man zafi, har aka kira wanzami ya kafa ƙaho. Sai da numfashi ya sarƙe masa sannan aka nemi mota.

Kada wani ya ce mini ai dama mai ciwon ƙoda kumbura yake yi. Kumburin da ruwa ke kawowa yakan kama ƙafafu biyu ne, sau da yawa har da fuska da safe. Idan ƙafa ɗaya ce ta tashi ita kaɗai, to gudan jini a jijiya ake fara zargi, kuma gudan yana iya ɓallewa ya bi jini ya toshe hanyar huhu. Wannan ƙafar ba a murza ta, asibiti ake kai ta a ranar a yi mata eko, wato hoton da ke nuna cikin jijiya.

Dalilin da ya sa mai ciwon ƙoda yake yin gudan ba ɓoyayye ba ne. Ƙodar da ta lalace tana zubar da furotin a fitsari, shi ne kumfar da ake gani, kuma idan zubar ta haura giram 3.5 a yini, tare da ita sinadarin da ke hana jini daskarewa yake fita, ita kuma hanta ta ƙara sarrafa masu daskarar da shi. Sai a haɗa wannan da doguwar kwanciya, ko zaman mota zuwa Ngaundere sannan kwana a jirgin ƙasa har Yawunde ba a miƙe ƙafa ba. Tiyata, juna biyu, ƙiba, taba, wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, da bututun da ake sa wa masu wankin ƙoda a wuya, kowanne yana ƙara haɗarin, balle wanda ya taɓa yin gudan a baya.

Masu cewa jifa ne, a yi addu'a, ban hana kowa addu'a ba, amma a yi ta a hanyar asibiti. Masu cewa babu kuɗi kuwa, na san talauci, sai dai abin da aka kashe bayan numfashi ya sarƙe ya ninka kuɗin eko sau da yawa.

Kuma don Allah a daina saya wa irin waɗannan marasa lafiya Lasix, maganin sa fitsari, a teburin kasuwa. A zafin Maris da Afrilu, maganin da ke matse ruwan jiki ba bisa awon likita ba yana sa jini ya yi kauri. Haka ma maganin tsinka jini, ba a aronsa daga wani majinyaci, domin mai ciwon ƙoda yana da saurin zubar jini kamar yadda yake da saurin daskarewarsa.